Amsoshin Wasiƙunku: Kyamara Mai Jawo Nesa Kusa

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Kanya Babba, cikin ƙaramar hukumar Babura. Ya ce ya sayar da riɗinsa, yana so ya saya wa ɗansa kyamara mai jawo nesa kusa, wadda kuma ke ɗaukar bidiyo tangaran, don yaron ya kama sana'ar hoto. Shin kuɗinsa ba za su tafi a banza ba?

To Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tunani. Irin waɗannan kyamarori gilashinsu a manne yake, ba a cire shi, sai dai ya miƙe ya koma. Alal misali, Nikon P900, wadda ta fito a 2015, tana jawo abu har ninki 83. Ranar hawan Sallah a Kazaure, yaronka na iya tsayawa can bayan taro ya ɗauko fuskar mahayi da adon dokinsa.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Ɗan farantin da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, bai kai ƙwayar masara ba. Da rana tsaka hoto fes, amma a ɗakin amarya ko bayan magariba sai ya fito dishi-dishi. Saboda haka idan aikin biki da suna zai yi, dole ya haɗa da fitila mai caji. Sannan in aka jawo abu daga nesa sosai, ɗan motsin hannu kaɗan ya isa ya girgiza bidiyo, sai an ɗora ta kan sanda mai ƙafa uku. Da yawa daga cikinsu kuma bidiyo kan tsaya da kansa kafin minti 30, sai an sake dannawa. Kada a tsakiyar ɗaurin aure ya sha kunya.

Idan ka shiga Kano saye, musamman ta hannu, kada ka biya sai ka gwada. Ka miƙe gilashin har ƙarshe, ka mayar, ka ji ko yana cijewa, domin ƙurar hunturu ta nan take shiga. Ka nemi mai rubutun Full HD, wato 1080. Lambar jawowar da za ka duba ita ce ta gilashi, ba ta dijital ba, wadda kumbura hoto kawai take yi. Ka kuma sayi batir na biyu da katin memori, tunda caji ba kullum ake samu ba.

Shawarata, ka rage wani abu daga kuɗin riɗin don waɗannan kayan haɗi. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Allah ya sa yaro ya ci gajiyar sana'a. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.