Itatuwan Magani da Garkuwar Jikin Dabbobinmu na Sake

 

A ƙasarmu ta Boɗinga da Shagari kiwon sake muke yi. Da rani jar akuyar Sakkwato takan fita da safe ta yi kiwonta a saura, ta dawo da yamma, haka ma tumakin Uda da Balami. Dabbar da ke yawo haka tana haɗuwa da ta kowa a mashaya da kasuwa, saboda haka garkuwar jikinta ce ke tsare ta kafin likita ya iso.

Abu biyu ke karya wannan garkuwa: yunwar rani da tsutsar ciki ta damina. Tsutsar takan maƙale a cikin tumbi tana shan jini. Ku ɗaga fatar idon akuyar, za ku ga ta yi fari fat, ƙarƙashin haɓa ya kumbura, gashi ya tashi. Akuyar da ta kai wannan hali, ƙaramar cuta ma sai ta kayar da ita.

Iyayenmu sun san haka. Sukan jiƙa ɓawon maɗaci su ɗura wa dabba mai tsutsa ko zawo, su ba ta 'ya'yan bagaruwa, su tara 'ya'yan gawo don rani. Akwai hikima a ciki. Sinadarin baurin da ke jeme fata a bagaruwa yana raunana tsutsar ciki. Gawo kuwa yana fid da ganye da 'ya'ya lokacin da ciyawa ta ƙare, kuma da abinci mai gina jiki ne jini ke ƙera sojojin yaƙi da cuta. Turawa ma sun dawo kan tsirrai: tun da Tarayyar Turai ta haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙiba a 2006, masanansu suka duƙufa wajen gwada tafarnuwa da makamantanta a kan aladu da kaji.

Amma 'yan'uwa, kowane magani da iyakarsa. Bagaruwa in ta yi yawa takan hana abinci amfani a jiki, kuma jiƙon da aka yi wa bijimi zai iya illata ɗan akuya. Sannan babu saiwar da ke hana annobar PPR, wadda ke zuwa da zazzaɓi da majina da zawo ta share garke. Allurar rigakafi ke hana ta, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta. Da allura aka kawar da bushiya daga shanun duniya a 2011, kuma ana fatan a gama da PPR nan da 2030.

Kirana ga malaman Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne su zauna da tsofaffin makiyayanmu, su rubuta abin da suka sani, su gwada shi, su gaya mana awon da ya dace da kowace dabba. Mu kuma mu daina sassaƙe maɗaci har ya bushe, mu bar gawo a gonakinmu, mu fito da dabbobinmu ranar rigakafi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya albarkaci dukiyarmu.