KWAL ƊIN INUGU DA MA'AIKATANSA: DAGA 1909 ZUWA RUFEWAR RAMUKA



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne tarihin mahaƙar kwal ta Inugu da mutanen da suka yi aiki a cikinta. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan ɗalibin da ya fito daga Katsina ko Haɗeja da ramin kwal da ke can ƙasar Ibo? Muna fata kafin mu sauka daga wannan mumbari za a ga cewa ruwanmu ne ƙwarai, domin da wannan kwal aka tuƙa jiragen da suka kwashe gyaɗar iyayenmu, kuma abin da ya auku a bakin ramin a shekarar 1949 ya girgiza ƙasar nan tun daga bakin teku har Kano.

A shekarar 1909 ne masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka, a ƙarƙashin wani masanin duwatsu mai suna Albert Kitson, suka gano kwal a tsaunukan Udi. A wannan lokaci babu birnin Inugu. Abin da ke wurin ƙauyukan mutanen Ngwo ne da maƙwabtansu, manoman doya da kwakwar manja, kuma daga sunan ɗaya daga cikin ƙauyukan, watau Enugwu Ngwo, birnin ya samo sunansa, ma'anarsa kuwa bisa tsauni. Turawa sun yi murna da wannan samu, saboda kafin nan duk kwal ɗin da jiragen ƙasa da na ruwa suke ci daga Ingila ake ɗauko shi da tsada. Nan da nan aka nemi hanyar fitar da shi zuwa teku. Wannan ne dalilin kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, wadda aka sa wa sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mallaka na Ingila, aka kuma shimfiɗa layin dogo mai tsawon mil 151 daga can zuwa Inugu, aka gama shi a 1916. An buɗe ramin Udi a 1915, na Kwarin Iva kuma a 1917. Yaƙin Duniya na Farko, da ya wahalar da zirga-zirgar jiragen ruwa, ya ƙara wa aikin gaggawa. Ya zuwa 1920 abin da ake haƙowa a shekara ya kai kimanin tan 180,000.

Ya kamata mu lura da wani abu tun daga nan. Mahaƙar Inugu ba ta wani kamfani ba ce, ta gwamnati ce. Ashe ke nan mai ba da aiki shi ne mai 'yan sanda, shi ne mai kotu, shi ne mai kafa doka. Duk ma'aikacin da ya nemi ƙarin sisin kwabo, da gwamnati kai tsaye yake jayayya. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamakin abin da zai biyo baya ba.

To, su wane ne suka shiga ramin? Manomin da yake da gonarsa da rumbun doyarsa ba ya barin hasken rana ya shiga ƙarƙashin ƙasa don ganin dama. Saboda haka sai Turawa suka bi ta hannun sarakunan da suka naɗa da takarda a ƙasar da ba ta saba da irin wannan sarauta ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne Onyeama na garin Eke, wanda ya yi kwangilar kawo leburori. Mutane da yawa tilasta musu aka yi, wanda ya ƙi kuwa ya gamu da tara ko bulala, kuma wani kaso na ladan guminsu yana tsayawa a hannun sarki da 'yan korensa da helimomi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu mutanen Arewa wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Dattawan da suka ga zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sun ba da labarin ɗiban gwamna, sa'ad da aka riƙa kwasar talakawa ta hannun hukumomin En'e daga 1942 zuwa 1944 ana kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da dama.

Aikin cikin rami kuwa da hannu ake yinsa. Akwai masu sara, waɗanda ke fasa kwal da diga bayan an sassauta shi da nakiya, kuma ana biyansu ne gwargwadon yawan akwatin da suka cika. Akwai masu tura akwatunan a kan ƙananan layukan dogo zuwa bakin rami. Akwai masu kafa gumagumai su tokare rufin don kada ya rufta. Ana yin wannan duka cikin zafi da ƙarancin iska da ruwa mai tsattsafowa, sau da yawa ba takalmi. A bisa duk wannan akwai wulaƙanci. Dattijo mai mata da 'ya'ya, mai daraja a ƙauyensu, Baturen da bai kai ɗansa ba sai ya kira shi yaro, wani lokaci har da mari. Akwai kuma wata dabara ta rubuta sunayen ma'aikata fiye da waɗanda ake bukata, kullum safiya a zaɓi wasu a mai da wasu gida ba ko anini, abin da ya buɗe ƙofar cin hanci, domin wanda ya ga helima shi ke samun shiga.

Ina kwal ɗin yake tafiya? Babban mai sayensa shi ne reluwe. An ja layin gabas daga Inugu ya bi ta Makurɗi da Kafancan ya haɗu da layin Ikko zuwa Kano a Kaduna, aka kuma buɗe gadar kogin Binuwai a Makurɗi a 1932. Da kwal ɗin Inugu ake hura tukunyar jirgin da ke ɗaukar gyaɗar Kano da audugar Zariya da Gusau da kuzar Jos da fatu da ƙiraga zuwa bakin teku. Manomin gyaɗa a Dawakin Tofa da mai sarar kwal a Kwarin Iva ba su taɓa ganin juna ba, ba sa jin harshen juna, amma gumin duka biyu a tarago ɗaya ya haɗu, kuma ribar ƙetare ta nufa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsadar kaya ba tare da ƙarin albashi mai ma'ana ba. Wannan ya jawo babban yajin aiki na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi wa ja-gora, aka yi kwana 44 ana yinsa. A Inugu ma ƙungiyar ma'aikatan kwal ta yi ƙarfi a ƙarƙashin sakatarenta, Okwudili Ojiyi, tsohon malamin makaranta wanda ya karanci dokokin ƙwadago ya riƙa juya su a kan masu su. Ya yi suna tun ranar da wani Baturen ma'aikatar ya mare shi, ya kai shi kotu, aka hukunta Baturen. Ma'aikatan kuma sun gano wata hanya wadda ba sai sun bar bakin aiki ba, watau tafiyar hawainiya: kowa yana wurin aikinsa, diga tana tashi tana sauka, amma kwal ba ya fitowa sai kaɗan.

A watan Nuwamba na 1949 rigima ta kai intaha. A lokacin ma'aikatan sun kai wajen 6,000. Sun ce suna bin bashin kuɗin kwanakin da aka riƙa mai da su gida, hukumar ma'aikata ta ce babu wani bashi. Suka shiga tafiyar hawainiya, hukuma ta sallami masu sara da dama, su kuwa suka ƙi fita, suka yi zaman dirshan a cikin rami, matansu kuma suka yi zanga-zanga a ofishin ma'aikata. A nan ne tsoro ya shiga zukatan masu mulki. A wancan zamani samarin ƙungiyar 'yan ra'ayin Zik suna kiran a tashi tsaye a kori Turawa, sai gwamnati ta ɗauka cewa nakiyar da ke ajiye a rumbunan mahaƙar za ta faɗa hannunsu. Aka yanke shawarar kwashe ta, aka tara 'yan sanda masu bindiga. An kwashe ta ramin Obwetti lafiya. A Kwarin Iva kuwa ma'aikata suka ƙi ba da hannu, domin a ganinsu in nakiya ta tafi, rufe ramin za a yi a kore su gaba ɗaya.

Ranar Juma'a, 18 ga Nuwamba, 1949, ma'aikata suka taru a bakin ramin suna waƙa suna taka ƙasa, wasu sun ɗaura jan ƙyalle. Ba su da bindiga. Baturen da ke shugabantar 'yan sandan, F. S. Philip, ya ɗauki wannan a matsayin shirin kai hari, ya ba da umurnin buɗe wuta, shi kansa ma ya yi harbi. Mutum 21 suka rasa rayukansu, 51 suka ji rauni.

Akwai wani gefe na labarin da ya wajaba mu faɗa wa kanmu. Cikin 'yan sandan da aka kai Inugu a wannan rikici har da waɗanda aka ɗebo daga Arewa. Wannan tsohuwar dabara ce ta mai mulkin mallaka: ya kai ɗan Arewa ya tsare masa Kudu, ya kawo ɗan Kudu ya riƙe masa alƙalami a Arewa, domin kowanne ya riƙa ganin ɗan'uwansa a matsayin abokin gaba, shi kuwa mai ba da umurni ya koma gefe. Ɗan sandan da aka ba bindiga ɗan talaka ne, wanda aka harba ma ɗan talaka ne.

Labarin ya bazu kamar wutar daji. Tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba, aka sake zubar da jini. A Ikko 'yan siyasar da suka daɗe ba sa ga maciji, na jam'iyyar NCNC da na ƙungiyar samarin Nijeriya, suka haɗu suka kafa kwamitin gaggawa na ƙasa, Dokta Akinola Maja yana shugaba, Mbonu Ojike yana sakatare. Gwamna Macpherson ya kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Sir William Fitzgerald, lauyoyi irin su H. O. Davies da Rotimi Williams suka tsaya wa ma'aikata. Rahoton da ya fito a 1950 ya ce Philip ya yi kuskuren hukunci, ya soki gwamnati a kan mai da rikicin albashi rikicin siyasa, ya kuma soki Ojiyi. Ba a gurfanar da Philip a gaban kotu ba. Hubert Ogunde ya shirya wasan kwaikwayo a kan kisan, da ya zo da shi Kano hukuma ta hana a nuna shi, alamar cewa masu mulki sun san labarin zai sami masu saurare a nan. Cikin wannan yanayi ne aka haramta ƙungiyar 'yan ra'ayin Zik a 1950, kuma a watan Agusta na shekarar aka kafa NEPU a Kano. Haɗin kan da aka samu a Ikko bai daɗe ba, siyasar jihohi ta wargaza shi. Duk da haka Inugun nan ce a shekarun 1950 ta zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillatanin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinta na farko.

A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya. Aikin ya kai ƙololuwarsa a ƙarshen shekarun 1950, ma'aikata suka kai kimanin 8,000 a 1958. Daga nan rana ta fara yin yamma. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, reluwe ya fara sauya jiragensa zuwa masu shan man dizal, wutar lantarki ta koma ga mai da gas da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. Ya zuwa 1960 abin da ake haƙowa ya sauko ƙasa da tan 600,000, aka sallami dubban ma'aikata. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki, ruwa ya cika ramuka. A ƙarshen shekarun 1970 an kawo injuna daga ƙasar Poland, amma ba su dace da yanayin ƙasar wurin ba, kuɗin ya tafi a banza. A 1999 aka cire wa hukumar ikon mallakar harkar ita kaɗai, ba a daɗe ba cikin sabon ƙarni ramukan Onyeama da Okpara suka yi shiru, tsofaffin ma'aikata suka shiga bin haƙƙinsu na fansho ofis ofis. Har yau ana yi wa Inugu laƙabi da Birnin Kwal, akwai kuma gunkin tunawa da mutanen 1949 a wani shataletale na garin.

'Yan'uwa ɗalibai, mun kawo wannan tarihi ne domin harkar ma'adinai ba ta ƙare ba, ƙaura kawai ta yi, kuma ta matso kusa da mu. An haƙi kwal a Maiganga ta jihar Gwambe don aikin siminti, an haƙe shi a Okaba ta jihar Kogi, haka kuma a kusa da Agadas cikin Jamhuriyar Nijar, inda aka kafa tasha don ba mahaƙan yuraniyom wuta. A jihar Zamfara kuwa gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Tambayoyin da mutanen Kwarin Iva suka yi su ne ke gabanmu: nawa ake biyan mai haƙa, wa ke tsare lafiyarsa, me ƙauyen da aka haƙe yake samu, kuma wa zai ɗauki nauyinsa ranar da ramin ya ƙare? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin wannan zaure akwai injiniyoyin gobe da lauyoyi da manyan ma'aikatan gwamnati da hafsoshin 'yan sanda. Wani daga cikinmu zai zauna a kujerar manajan ma'aikata, wani kuma za a miƙa masa takardar umurni ya kai mutanensa inda talakawa suka taru suna neman haƙƙinsu. Muna roƙon duk wanda wannan rana ta riska ya tuna cewa a Kwarin Iva bashin albashi ake jayayya a kansa, abin da zama a teburi ɗaya zai iya warwarewa. Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu na sashen tarihi da su bi tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'ya'yan waɗanda aka kai haƙar kuza, su rubuta abin da suka sani da Hausa tun suna raye.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin na ƙasa da su.