Daga Samaru Zuwa Fadamar Saulawa: Haƙƙin Al'umma a Kan Ɗalibi

  

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, 'ya'yan Saulawa da kewaye, waɗanda hutu ya maido gida daga Samaru da Kongo da Makarfi, bari in tuna muku shekarar 2016. A ranin shekarar nan wata 'yar tsutsa, wadda manoma ke kira sharon, masana kuma Tuta absoluta, ta auka wa tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta cikin watan Mayu. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta ƙetaro Sifen a 2006, sannan ta gangaro Afirka. Manomi ya ga ganye yana ƙonewa, sai ya ninka feshi, ya ci bashi ya ƙara sayen magani. Alhali kuwa tsutsar cikin ganyen take kutsawa ta haƙa rami, inda feshi ba ya isa sosai, kuma maimaita magani iri guda yana sa ta saba da shi. Abin da ke rage ɓarnarta shi ne kafa tarkon da ke jawo mazan ƙwaron, da tattara ragowar shuka a binne ko a ƙone, da sauya magani, da hutar da gona daga tumatir da danginsa, irin su gauta da dankalin Turawa.

Wannan bayani ba a Ingila yake ba. A Samaru an fara binciken aikin gona tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a nan NAERLS take, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma. Sai dai malamin gona guda ba zai zagaye fadamun Ikara da Makarfi da Kudan ba. To, wa ya fi cancanta ya ɗauko wannan ilimi ya kawo gida, in ba ɗan da aka sayar da buhunan masara aka biya masa kuɗin makaranta ba?

Malaman fiƙihu sun sanya likitanci da noma, da duk abin da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da shi, cikin farillar kifaya: in wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, in kowa ya bari laifin ya hau kowa. Fahimtata ita ce, takardar shaida da ke cikin akwati ba ta sauke wannan farilla, domin manufarta ita ce amfanin ya isa ga mutane. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zama malamai ba. Ta horar da jajoji, ta ɗaura musu malfa, suka riƙa kai karatu ƙauyuka.

Wani zai ce sai lokacin bautar ƙasa. Gaskiya ne shirin da aka kafa a 1973 ya ware rana guda a mako don aikin al'umma, amma sau da yawa wata jiha za a tura ka, inda ba ka jin harshensu. A nan kuwa an san ubanka, za a saurare ka.

Kada a zaci na keɓe kaina. Mu da muka yi karatun Larabci, gona nawa ake rikici a kanta don ba a raba gado ba? Manomi nawa ya san cewa masarar damina ɗaya bisa goma ake fitar mata, wadda aka shayar da inji kuwa ɗaya bisa ashirin?

Saboda haka, kafin a watse kowa ya rubuta sunansa da fanninsa. 'Yan aikin gona su bi masu noman rani fadama. Masu karatun kiwon lafiya su nemi izinin asibitin gari su taimaka ranar awo da rigakafi, kada wani ya rubuta maganin da bai kai matsayin rubutawa ba. 'Yan'uwa mata su ɗauki darasin matan aure. Mu kuma za mu zauna kan gado da zakka bayan la'asar. Ranar Asabar mai zuwa kowane rukuni ya zo da sunan unguwar da zai fara.