Garka a Bisa Gida

Hirarmu ta yau kan garka ce, amma garka a bisa gida.

Kun san ɗakin siminti cikin bazara. Rufi ya wuni yana shan rana, da dare ya juye ma mutum zafin. Ganye kuwa yana tare rana, yana fidda laima, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Shi ya sa a manyan birane ake shuka bisa rufi da jikin bango. A Milan, ƙasar Italiya, a 2014 an gama benaye biyu masu ɗauke da ɗaruruwan itatuwa. Wannan aikin masu kuɗi ne.

Na Dakar ya fi kusa da mu. Can, tun 1999, ake koya ma mata noman salati da tumatir cikin akwatin katako mai ƙafafu, da leda shimfiɗe ciki. Ba su zuba ƙasa, sai ɓawon gujiya da buntun shinkafa, takin kuma a jiƙa shi cikin ruwa. Irin wannan akwati bai da nauyi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa, metir ɗaya kan ɗaya, zurfin taƙi guda, ta kai kilo 300.

To, ku lura. In rufinku na azara ne ko kwano, kada ku aza masa komi. Ku kafa sanduna nesa kaɗan da bangon yamma, inda rana ta fi dukan ɗaki, ku ɗaura igiya, soso ko duma ya hau. Kada ruwa ya kwanta gindin bangon laka. Mai rufin siminti kuma ya tambayi magini tukuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.