Majalisa da Aljihunta: Yadda Aka Tafiyar da Ƙaura Namoda a Da



An nemi in yi tsokaci a kan yadda majalisa ta riƙa tafiyar da garin nan lokacin da yake bunƙasa. Zan ɗauko zancen daga 1929, shekarar da layin dogo daga Zariya ya ratso Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda. Tun daga nan gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Shinkafi suka riƙa kwararowa tasha a kan jakuna da raƙuma. Kamfanonin Turawa suka kafa sikeli, baƙi daga kudu suka yi unguwa. Garin da Muhammadu Namoda ya kafa domin yaƙi sai ga shi ya zama garin ciniki.

To, amma ina aljihun garin? Yana Sakkwato. Dagatai su tara haraji da jangali, Sarkin Kiyawa ya haɗa, a kai Baitulmalin En'e. In ana son rijiya ko rumfar kasuwa ko ƙarin aji a elementare, sai magatakarda ya rubuta, takarda ta yi tafiya, a zauna jira. Ko da aka kafa majalisun gunduma a shekarun 1950, ɗan kason da ake bar musu bai wuce na gyaran mahauta da cike kududdufi ba. Duk da haka, matasanmu su sani, duba-gari na wancan zamani in ya ce a share kwata, ana sharewa. Kuma talakan da ya biya haraji da guminsa yakan tambayi inda kuɗin suka shiga, ko da a ɓoye ne, don tsoron ɗan doka.

Gyaran 1976 ya rushe En'e, ya ba Ƙaura ƙaramar hukumarta. Muka yi murna, domin ma'aji ya dawo kusa da mu. Sai dai kuɗin yanzu daga asusun tarayya suke gangarowa. A ganina nan ne aka yi hasara: da majalisa ta daina dogara da aljihun talaka, sai ta rage sauraronsa, shi ma ya daina tambaya. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya matso da gwamnati Gusau, amma asusun haɗin gwiwa ya sake ɗauke aljihun daga gida.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya ta zaɓi mutum uku masu sanin lissafi, daga cikinku na Kano da Kaduna da Abuja, su riƙa neman kundin kasafin majalisa kowace shekara, a buga shi a mujallar nan, a gefensa kuma a jera ayyukan da aka gani a ƙasa.