Wa ke magana da yawun Shanga?

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi Gungawa daga tsibiransu, noma da kamun kifi a Shanga, Yawuri da Ngaski suka koma hannun masu buɗe ruwa da rufe shi. Ga damina ta rikice: ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadamun Kebbi, masunta kuma na kukan ƙarancin kifi. Can sama, Nijar na gina madatsar Kandaji a wannan kogi na Kwara.

Ƙasashe tara ke da hukumar kogin Kwara a Yamai. To, wa ke kai musu kukan manomin Shanga? A ba Sarkin Ruwa da manoman fadama wurin zama a hukumar, a kuma riƙa sanar da su kafin ruwa ya iso gonakinsu.