Jawabi Game da Yawan Gumi da Magungunan Shafawa

Jama'a, gumi ba cuta ba ne. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da ƙananan mafitar gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma da su jiki ke sanyaya kansa. A ƙasar Giade da sauran garuruwan yankin Katagum, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, manomin da ke sharar gonar gero ba zai rayu ba in babu gumi. Saboda haka duk wanda ya jiƙe sharkaf a rana, ruwan sha da inuwa ya ke bukata.

Amma akwai waɗansu bayin Allah da gumi ke zubo musu fiye da kima, ko da sanyin hunturu ne. Yakan fito a tafin hannu, ko tafin ƙafa, ko hammata, ko fuska, dama da hagu daidai wa daida. Galibi yakan fara tun kafin shekara 25, yakan bi gida, kuma yakan tsaya in mutum ya yi barci. Ɗan makaranta sai ya jiƙa takardar jarrabawa, tela ya ɓata yadin mutane, magidanci kuwa ya riƙa jin kunyar miƙa hannu a gaisa. Irin waɗannan ne maganin shafawa ke yi wa amfani.

Da farko a rarrabe abu biyu. Turaren hammata da hoda wari da danshi su ke ragewa, ba su hana gumi fita. Mai hana gumi kuwa shi ne wanda ke ɗauke da gishirin alminiyam, watau dangin alif ɗin nan da a ke tace ruwa da shi. Mafi ƙarfinsu, wanda likitoci ke fara bayarwa, yana da kimanin kashi 20 cikin 100 na wannan gishiri. Aikinsa shi ne toshe bakin mafitar gumi na ɗan lokaci, don haka in an daina shafawa gumin yakan dawo.

Ga yadda a ke amfani da shi. A shafa da dare lokacin kwanciya, bayan fata ta bushe sarai, a wanke da safe. A yi haka kowane dare har gumin ya ragu, galibi cikin mako ɗaya ko biyu, sa'an nan a koma sau ɗaya ko biyu a mako. Kada a shafa a kan rauni ko ƙuraje, ko kuwa a ranar da aka yi aski, domin babbar illarsa ita ce ƙaiƙayi da raɗaɗi. In fata ta yi ja ta kumbura, a dakata. Mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita tukuna. Jita-jitar cewa yana haddasa sankarar mama kuwa, binciken masana bai tabbatar da ita ba.

Har ila yau akwai sababbin magunguna masu hana jijiya isar da saƙo ga mafitar gumi. A shekarar 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙyallen goge hammata mai suna Qbrexza, ga 'yan shekara 9 zuwa sama, a 2024 kuma ta amince da Sofdra. Suna aiki, amma sukan busar da baki, su sa gani ya dushe, ko fitsari ya yi wuya. Bugu da ƙari suna iya hana jiki sanyaya kansa, wanda babban haɗari ne ga mai aiki a ranar Katagum. Ba a taɓa su sai da takardar likita.

Wajen saye kuma a duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, a duba ranar ƙarewar aiki. A guji haɗin da a ke tallarsa a kasuwa cikin kwalba ba suna.

Daga ƙarshe ga gargaɗi mafi muhimmanci. Gumin da ya zo wa babba kwatsam, ya game jiki duka, ko ya jiƙa shimfiɗa da dare, alama ce ta wata cuta a ciki. In ya haɗu da rama da tarin da ya kai mako 2, a yi zaton tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Zazzaɓin cizon sauro, da ciwon maƙoƙo, da faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon sukari, duk sukan kawo gumi. Wanda ya rufe wannan da shafe-shafe ya ba cuta lokaci ne ta yi ƙarfi. Sai ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa, in ta kama a tura shi asibitin tarayya da ke Azare.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.